Shin kayan injin ɗaga gilashin mota da aka buga da na'urar 3D suna da ƙarko?

Mai Tsohuwar Mota ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana da masu sha'awar gyaran motoci. Ina neman shawararku game da injin ɗaga gilashin ƙofar baya na wata tsohuwar mota da ke hannuna, wadda aka daɗe da daina ƙera irinta. Gilashin ya zame ya faɗa cikin ƙofa, kuma da aka cire murfin cikin ƙofar sai aka tarar injin lantarkin yana juyawa lafiya, wayar ƙarfen da ke jan gilashin ba ta tsinke ba, layin ƙarfen da yake bi bai lanƙwashe ba. Abin da ya karye shi ne wani ɗan maƙalin roba wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Shi ne yake riƙe da gindin gilashin, a cikinsa kan wayar yake zama, kuma shi ne yake zamewa sama da ƙasa a kan layin ƙarfen.

Masu sayar da kayan gyara ba su sayar da wannan maƙali shi kaɗai, sai dai mutum ya sayi injin gaba ɗaya, kuma injin irin na wannan mota ya yi wuyar samu. Waɗanda ake cirowa daga matattun motoci kuwa robarsu ta tsufa kamar tawa, har wasu ma sun riga sun tsage.

Wani abokina yana da na'urar bugun 3D irin wadda take narkar da zaren roba ta riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa har siffar abu ta fito, kuma ya yi mini tayin zai buga mini sabon maƙali idan aka samu zanensa. Kafin mu fara, ina so in ji ta bakin waɗanda suka san wannan aiki. Wace irin roba ce za ta jure zafin cikin ƙofar mota da nauyin gilashi? Yaya ake fitar da zane daga abin da ya riga ya rabu gida uku? Sannan akwai wata giyar roba a cikin akwatin injin lantarkin wadda haƙoranta suka fara cinyewa. Shin ita ma za a iya buga ta, ko kuwa a bar ta yadda take? Abin da na fi damuwa da shi shi ne kada in sa abin da zai sake karyewa ana cikin tafiya, gilashi ya faɗi ya farfashe. Na gode.

Injiniyan Roba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar a taƙaice ita ce ana iya bugawa, kuma maƙalin da ka kwatanta yana cikin abubuwan da wannan fasaha ta fi dacewa da su, amma ƙarkonsa ya rataya a kan irin robar da aka zaɓa da kuma yadda aka kwantar da shi a lokacin bugu, fiye da yadda ya rataya a kan tsadar na'urar.

Kafin komai, ka wanke gutsattsarin tsohon maƙalin ka duba jikinsa da kyau. Masu ƙera kayan mota sukan buga sunan robar a jikin kayan, tsakanin alamomi biyu masu kama da kan kibiya, kamar >POM< ko >PA66-GF30<. Na farkon shi ne robar da ake kira asital, wadda kamfanin DuPont ya yi suna da ita a ƙarƙashin sunan Delrin; tana da santsi, ba ta shan ruwa sosai, shi ya sa ake yin giyoyi da abubuwan da ke zamewa da ita. Na biyun kuwa nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin 100 domin ya ƙara tauri. Sanin wannan zai nuna maka abin da injiniyoyin farko suka nema daga wannan ɗan abu, ko santsi ne, ko tauri, ko duka biyun.

Game da zafi, nan ne mafi yawan masu farawa suke tafka asara. Robar da aka fi bugawa da ita, wato PLA, tana da sauƙin aiki kuma abin da aka buga da ita yakan fito da kyan gani, amma tana fara laushi tun daga wajen digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Selsiyos. Motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe tana iya kaiwa wannan zafi har ta wuce, balle cikin ƙofar ƙarfe mai baƙin fenti. Maƙalin PLA ba lallai ne ya karye nan take ba; zai riƙa sakin jiki a hankali a ƙarƙashin jan waya har ramin da kan wayar ke zama ya buɗe, wata rana wayar ta fice. Saboda haka kada a yi amfani da PLA sai wajen gwada awo kawai. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ba ta da saurin tsagewa, kuma kusan kowace na'ura tana iya buga ta, don haka ita ce mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi. ABS da ASA suna kaiwa wajen digiri 100, sai dai suna buƙatar na'ura mai rufaffen akwati domin kada su bankare yayin da suke hucewa, kuma wasu nau'o'in giris da man fetur suna sa ABS ta tsage idan tana ɗauke da nauyi.

A ganina nailan ne ya fi kusa da abin da ake buƙata. Yana da juriya, yana lanƙwasa kaɗan ba tare da ya karye ba, yana da santsi a kan ƙarfe, kuma giris ba ya cutar da shi. Aibinsa shi ne yana zuƙar danshi daga iska, don haka dole a busar da zarensa na sa'o'i a zafin da ya kai digiri 70 zuwa 80 kafin bugu, in ba haka ba ruwan da ke ciki zai tafasa a bakin na'urar, abin ya fito da ƙananan kumfa kuma ba ƙarfi. Ana buga shi da zafin da ya haura digiri 250, wanda ba kowace ƙaramar na'ura ce take iyawa ba. Ita kuwa POM, ko da yake ana sayar da zarenta, ba na ba da shawarar a buga ta a gida, domin ba ta manne wa farantin na'ura yadda ya kamata, tana bankarewa ƙwarai, kuma idan zafi ya yi mata yawa tana fitar da iskar fomaldihaid mai cutarwa ga huhu da idanu.

Yanzu sai batun kwanciya, wanda ya fi komai muhimmanci kuma aka fi sakaci da shi. Abin da aka buga hawa-hawa yana da gaɓoɓi kamar itace: wanda ya taɓa faskare ya san gatari yana tsaga shi cikin sauƙi idan ya bi tsawonsa, amma sai an sha wahala idan za a datse shi a karkace. Haka bugun yake, ƙarfinsa yana tare da tsawon zaren da aka shimfiɗa, rauninsa kuma yana tsakanin hawa da hawa. Don haka a duba ta inda wayar ke jan maƙalin, a kwantar da shi yadda jan zai bi tsawon zaren, ba yadda zai riƙa ƙoƙarin raba hawa ɗaya da na samansa ba. Idan maƙalin yana da ɗan harshe mai lanƙwasa wanda ke shiga ramin gilashi ya kama, to wannan harshe lallai ne a buga shi a kwance, domin idan aka buga shi a tsaye zai ɓalle tun ranar da za a sa shi. Wani lokaci babu kwanciyar da za ta gamsar da kowane ɓangare, sai a raba maƙalin gida biyu, a buga kowanne a yadda ya dace da shi, a haɗa su da ƙusa da noti na ƙarfe marar tsatsa.

Haka kuma ƙarfin abu yana cikin kaurin bangonsa fiye da yawan cikon da ke tsakiyarsa. Ga ɗan ƙaramin abu irin wannan, a ƙara yawan zagayen bango zuwa biyar ko shida, ko ma a cike shi gaba ɗaya, tunda robar da za ta tafi ba ta taka kara ta karya ba.

Game da zane, a manne gutsattsarin uku da gam mai saurin kamu domin siffar ta dawo, sannan a auna da ma'aunin kalifa, wato ma'auni mai baki biyu da ke kama abu ya nuna kaurinsa ko faɗinsa daidai. Akwai dabara mai sauƙi ga abubuwa masu faɗi: a ɗora maƙalin a kan na'urar sikanin takarda tare da rula a gefensa, hoton da zai fito ba shi da karkatar da kyamara ke jawowa, sai a shigar da shi cikin manhajar zane irin su FreeCAD ko Fusion 360 a bi gefensa. Idan ƙofar ɗaya ɓangaren tana da lafiyayyen maƙali, shi ne ya fi dacewa a auna, sai a juya zanen kamar a madubi in siffarsu ta saɓa. Kuma kada a kwafi tsohon yadda yake kwabo da kwabo. An zana shi ne domin a zuba narkakkiyar roba a cikin ƙwarya ta ƙarfe, shi ya sa bangonsa yake da sirara da ramuka masu yawa. Bugun 3D ba shi da wannan takura. Duk inda ya karye a ƙara masa kauri gwargwadon filin da ke akwai, kuma duk kusurwa mai kaifi a mayar da ita mai zagaye, domin daga irin waɗannan kusurwoyi tsagewa take farawa. A bar tazarar kamar milimita 0.2 tsakanin maƙali da layin ƙarfe, a kuma tuna cewa ramuka sukan fito da ɗan ƙaranci fiye da yadda aka zana su, don haka ya fi kyau a daidaita su da abin huda bayan an gama bugu.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa a kan roba, kuma ba ni da abin da zan ƙara a wannan fanni domin ya fi ni saninsa. Amma ina so in ja hankalin Malam mai tambaya zuwa wani abu da ya riga maganar bugu: me ya karya maƙalin tun farko? Gaskiya ne roba tana tsufa ta bushe, sai dai a mafi yawan ƙofofin da na buɗe, ba tsufa kaɗai ba ne. Robar da ke kewaye da gefen gilashi, wadda yake bi yana hawa da sauka, takan taurare ta cika da ƙura, giris ɗin da ke kan layin ƙarfe ya bushe ya koma kamar ƙasa, sai injin lantarki ya riƙa ja da ƙarfi fiye da yadda aka tsara, kuma duk wannan ƙarfi a kan ɗan maƙalin yake ƙarewa. A ƙasashe masu sanyi kuma ƙanƙara takan manne gilashi da robar, direba ya danna makunni, waya ta ja ƙasa alhali gilashi bai motsa ba. Wanda ya sa sabon maƙali bai gyara waɗannan ba, ko da na kamfani ne, zai sake buɗe ƙofar nan ba da daɗewa ba.

Saboda haka, bayan an raba gilashin da injin, a kama shi da hannu a ɗaga a sauke. Idan yana tafiya sumul, madalla. Idan yana cijewa, a wanke hanyarsa, a fesa mata man silikon, in ta lalace a sauya ta. A goge tsohon giris a sa sabo, a kuma duba ƙananan tayoyin da wayar ke bi a sama da ƙasan layin, domin idan ɗaya ta daina juyawa wayar takan sare ta, ita kuma ta riƙa tsintsinka zaren wayar ɗaya bayan ɗaya.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne maganar ƙara kauri ba iyaka. Ni a ganina wannan maƙali yana aiki kamar fiyus ne, ko da ba da niyya aka yi shi haka ba: idan abu ya cije, gara shi ya karye da a ce waya ta tsinke ta naɗe a cikin kwarkwaronta, ko gilashi ya fashe. Gilashin gefe mai tauri ne, ba ya tsagewa a hankali, sai dai ya tarwatse gaba ɗaya idan aka matse gefensa da abu mai kaifi. Don haka idan za a yi amfani da ƙusar ƙarfe a sabon maƙalin, kada a bari ƙarfe ya taɓa gilashi kai tsaye. A sa roba mai laushi a tsakani, kuma kada a ɗaure fiye da kima.

Sannan akwai hattara guda biyu ga duk wanda zai sa hannu cikin ƙofa. Idan motar tana da jakar iska a gefe, a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa wayoyin lantarki, kuma ledar da ke manne a bayan murfin ƙofa a mayar da ita yadda take, domin ita ke hana ruwa shiga, kuma a wasu motocin na'urar da ke gane an yi karo tana auna matsin iskar cikin ƙofar ne. Na biyun ya shafi masu injin almakashi, wato mai hannuwan ƙarfe biyu da suka gitta juna: akwai sifirin mai ƙarfi naɗe a jikinsa, kuma idan aka cire injin lantarki ba tare da an kulle hannuwan ba, suna iya rufewa da ƙarfi a kan yatsu. Na Malam mai waya ne, don haka wannan bai shafe shi ba, amma na san masu karantawa da yawa na almakashi gare su.

Mai Tsohuwar Mota ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Baba Bakanike. Na wanke gutsattsarin kamar yadda aka ce, kuma na ga >POM< a jikin babban ɓangaren. Na kuma ɗaga gilashin da hannu, lallai yana cijewa idan ya kusa kaiwa sama, don haka za a fara da gyaran hanyarsa. Sai dai na'urar abokina ba ta da rufaffen akwati, kuma ya ce zafinta ba zai isa buga nailan ba. Ke nan PETG ce kaɗai ta rage mana, ko akwai wata hanya? Har yanzu kuma ina jiran jin ra'ayinku game da giyar da ke cikin akwatin injin, domin ita ce nake ganin za ta biyo baya.

Malama Mai Zane ta amsa:

Akwai wata hanya, Malam, kuma ita nake bi idan abin da zan yi zai ɗauki nauyi na shekaru. Ka yi amfani da na'urar abokinka wajen gwaji kawai: ku buga da PLA ko PETG, ku sa a ƙofa, ku gyara awo har sai ya zauna daidai. Idan zanen ya tabbata, sai a aika fayil ɗinsa ga kamfanonin da ke karɓar aikin bugu ta intanet, a nemi su buga shi da garin nailan na PA12. A wannan hanya ba zare ake narkarwa ba. Ana shimfiɗa gari ne siriri, hasken leza ya bi ya narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani, har abin ya kammala a binne cikin gari. Carl Deckard ne ya ƙirƙiro wannan dabara a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka cikin shekarun 1980, kuma a 2016 kamfanin HP ya fito da tasa hanyar mai kama da ita. Amfaninta a nan shi ne bambancin ƙarfi tsakanin tsaye da kwance bai kai na bugun zare ba, don haka damuwar da Injiniya ya bayyana game da kwanciya tana raguwa sosai, kuma ba a buƙatar ginshiƙan tallafi, waɗanda ake bugawa don su tokare abu yayin bugu a cire su daga baya, masu ɓata fuskar abu. PA12 ba ya narkewa sai wajen digiri 180, kuma yana shan danshi ƙasa da sauran nau'o'in nailan, wanda abu ne mai kyau ga cikin ƙofa, inda ruwan sama yake ratsawa ya fita ta ramukan ƙasa. Fuskarsa takan fito da ɗan kaushi, don haka a goge wurin da zai zame a kan layi da takardar yashi mai laushi kafin a sa giris.

Ba masu gyara a gida kaɗai ke bin wannan hanya ba. Mercedes-Benz ya fara buga wasu kayan gyaran roba na manyan motocinsa na ɗaukar kaya a 2016, kuma a 2018 ya sanar da sake samar da wasu kayan tsofaffin motocinsa ta bugu, ciki har da ƙananan tayoyin rufin da ke zamewa na motoci irin su W123, waɗanda aka yi da wannan PA12 ɗin. A shekarar kuma Porsche ya bayyana cewa yana buga hannun kulocin motarsa ta 959, wadda guda 292 kacal aka ƙera, da garin ƙarfe. Dalilinsu ɗaya ne da naka: abu ne da ake buƙatar kaɗan daga cikinsa, kuma sake ƙera ƙwaryar zuba shi ba zai biya ba. Tayar rufi da maƙalin gilashi kuwa aikinsu kusan ɗaya ne, wato zamewa a kan layi ɗauke da nauyi cikin zafi da danshi.

Game da giya, ra'ayina shi ne a bar ta ta zama zaɓi na ƙarshe. Giyar cikin akwatin injin ba irin mai miƙaƙƙun haƙora ba ce. Haƙoranta a karkace suke domin su hau kan sandar ƙarfe mai zaren sukuru da ke fitowa daga injin lantarki, kuma wannan haɗi ne yake rage gudu, ya ƙara ƙarfi, ya kuma hana a danna gilashi ƙasa da hannu daga waje. Ga giya mai miƙaƙƙun haƙora lissafin yana da sauƙi: a raba faɗinta na waje da adadin haƙora haɗe da biyu, sai a sami girman haƙori, misali mai haƙora 30 da faɗin milimita 48 girman haƙorinta 1.5 ne. Amma ga mai karkatattun haƙora sai an san kusurwar karkatar daidai, kuma kuskure kaɗan yana sa ta riƙa goga tana zafi har ta cinye. Sau da yawa kamfanoni kaɗan ne suke ƙera waɗannan injinan lantarki ga motoci iri-iri, don haka kafin a yi wahalar zane, a duba lambar da ke jikin injin a nemi wata motar da ke amfani da irinsa. Ba mamaki a sami giyar, ko injin gaba ɗaya, a ƙarƙashin sunan wata mota dabam wadda kayanta ba su yi wuya ba. Haka nan yana da kyau a bincika rumbunan zane na intanet irin su Thingiverse da Printables, domin ta yiwu wani ya riga ya zana maƙalin motarka, ko da yake zanen da aka sauko da shi ma sai an auna an tabbatar.

Injiniyan Roba ya amsa:

Na yarda da Malama a kan garin nailan, kuma shi ne zai fi kusa da POM ɗin da aka samu a jikin tsohon maƙalin. Idan hakan bai samu ba, PETG da aka buga a cike kuma a kwanciyar da ta dace za ta yi aiki, musamman a ƙofar baya da ba a yawan buɗe gilashinta, sai dai a riƙa sauraron ƙofar: idan gilashi ya fara karkata yayin hawa, ko aka ji ƙara lokacin da injin ya juya daga sauka zuwa hawa, alama ce ta cewa mazaunin wayar ya fara buɗewa.

Maganar Baba Bakanike game da fiyus tana da hujja, kuma ba na jayayya da ita, amma ina ganin ba a kai ga wannan haɗari da bugun gida, domin da wuya abin da aka buga da zare ya kai ƙarfin wanda aka zuba a ƙwarya, ko da an ƙara masa kauri. Ƙarin kaurin rama rauni yake yi. Inda gargaɗinsa zai yi aiki sosai shi ne ga masu sha'awar zaren nailan da aka cakuɗa da zaren kabon. Wannan yana da tauri ƙwarai kuma ba ya bankarewa, amma yana da kaushi irin na takardar yashi, har bakin na'ura na tagulla yake cinyewa, don haka idan aka sa shi inda yake goga da layi ko da waya, shi zai riƙa cin abokin gogarsa. Ya dace da ɓangaren da ke riƙe kawai, ba wanda ke zamewa ba. Ga ƙananan tayoyin waya kuwa, in ana buƙatar sababbi, ba sai an buga ba: mai injin sassaƙa zai iya fitar da su daga sandar POM ta gaske cikin ɗan lokaci, kuma za su fi na bugu santsi da daidaito.

Akwai abu ɗaya da ya rage bayan an haɗa komai. Idan motar tana da tsarin da ke sa gilashi ya koma ƙasa da kansa in ya matse wani abu, to lallai a gwada shi. Dokokin Amurka da na Turai sun ƙayyade cewa ƙarfin matsewar irin wannan gilashi mai rufe kansa kada ya wuce niyuton 100, wato kwatankwacin nauyin kilo 10, kuma na'urar tana gane matsewa ne ta hanyar lura da raguwar gudun injin ko ƙaruwar wutar da yake ja. Sabon maƙali mai cijewa yana iya ruɗa ta, gilashi ya riƙa komawa ƙasa ba dalili, kuma bayan an cire batir yawancin motoci suna buƙatar a sake koya musu iyakar sama da ta ƙasa, galibi ta hanyar riƙe makunnin na wasu daƙiƙu bayan gilashi ya kai ƙarshe. A gwada da naɗaɗɗen tsumma mai kauri ko kwalbar roba marar komai a ciki, ba da hannu ba, kuma a ɗaga a sauke gilashin sau da dama ana kallon maƙalin kafin a mayar da leda da murfin ƙofa.